Fatsar ƙwaron ƙarya a babban kogi da rani

Fatsar da kowa ya sani ita ce a sami gora, a ɗaura mata lailon, a maƙala dalma da ƙugiya, a soka tana ko hanjin kaza, a jefa a zauna jira. A wannan fatsar nauyin dalma ne yake jan igiya zuwa tsakiyar ruwa. Fatsar ƙwaron ƙarya ba haka take ba. Abin da ke jikin ƙugiya gashin tsuntsu ne da zare, an ɗaure su sun yi kama da fara ko shinge ko ɗan ƙaramin kifi, kuma ba shi da nauyin da za a jefa shi ya yi ko taku biyar. Igiyar ce mai nauyi, ita ake jefawa, ƙwaron ya bi ta a baya. Yawancin wahalar da sabon shiga yake sha a makonsa na farko daga mantawa da wannan take tasowa.

Turawa sun raya wannan fatsa ne saboda wani kifin ruwan sanyi da suke kira tirawut, wanda asalinsa kogunan Turai ne da Arewacin Amurka, daga baya aka kai irinsa tsaunukan Kenya da Lesoto da Afirka ta Kudu. A Turai da Amurka lokacinsa watannin zafinsu ne, Yuni zuwa Agusta, sa'ad da ƙwari ke ƙyanƙyashewa a kan ruwa kifin ya taso yana tsinta. Ba ya jure ɗumi. Da ruwa ya haura digiri 20 ya fara galabaita, masu kamun can ma sukan naɗe igiyarsu su koma gida. Kogunan da ke kewaye da Abuja sun fi haka ɗumi kusan duk shekara, saboda haka wanda ya ga bidiyo a waya kada ya tafi Gurara neman tirawut. Abin da Allah ya ba mu shi ne tsage, kawara, shemani, karfasa, da kuma giwan ruwa, kuma dukansu suna cin ƙwaron ƙarya. A kogin Faro na Kamaru, wanda yake zubawa cikin Binuwai dab da iyakar Adamawa, da wannan fatsar baƙi suke zuwa kama tsage da giwan ruwa duk rani.

Lokaci da wuri

Watannin da Bature ke fita su ne tsakiyar daminarmu, ruwa ya cika ya yi ja, kifi ba ya ganin abin da ke gaban hancinsa. Ƙwaron gashi ba shi da wari, da ido kifi ke kama shi, don haka sai ruwa ya janye ya washe: daga Disamba zuwa farkon ruwan sama a Afrilu. Gwajin mai sauƙi ne. Ka tsaya ruwa iya gwiwa, in kana ganin yatsun ƙafarka ruwan ya yi. Cikin hunturu kada ka wahalar da kanka da sammako, kifi ba ya motsi sai rana ta ɗaga ta ɗumama ruwa, wajen ƙarfe 10 zuwa la'asar. Da bazara ta shigo a Maris abin ya juye, sai daga asuba zuwa ƙarfe 9, sannan daga bayan la'asar zuwa magariba. Akwai kuma 'yan kwanakin da ba a son a rasa, wato bayan ruwan farko ko na biyu, lokacin da shinge ke tashi da yamma suna faɗawa kogi, ruwan bai riga ya gurɓace ba. A ranakun nan har tarwaɗa takan taso sama tana cin su.

Daga Abuja wurare mafi kusa su ne Gurara, ko ta wajen faɗuwar ruwan nan da ke kan hanyar Suleja zuwa Minna ko ta ƙasa a yankin Abaji, da Usuma da ta ratsa Gwagwalada. Mai son babban ruwa na gaske sai ya gangara hanyar Lokoja, kimanin kilomita 200, inda Neja ta haɗu da Binuwai, ko ya tsaya tun a Koton Karfe, ko ya nufi Loko a Jihar Nasarawa. Madatsar Usuma ta wajen Ushafa ruwan shan birni ce, ba a shiga sai da izinin hukumar ruwa.

Duk inda ka sauka, ruwan yana da masu shi. A nemi gidan Sarkin Ruwa da ɗan goro, a ce, “Ranka ya daɗe, baƙi ne mu daga Abuja, fatsa muka zo yi ba taru ba. Ina ne ba a taɓawa?” Akwai gurabun da gari ya keɓe sai ranar su, akwai inda mamari ke shimfiɗe da ɗaruruwan ƙugiyoyi a ƙarƙashin ruwa, akwai inda kada ko dorina ke kwana. A bakinsu kuma za ka ji ko hanyar da za ka bi lafiya take a wannan makon.

Kaya

Kayan nan ba su cika samuwa a shagunanmu ba, yawanci sai an yi oda ta intanet ko an ba matafiyi saƙo, don haka gara a san lambobin tun kafin a biya kuɗi. Sanda da igiya lamba ɗaya suke ɗauka, kuma lambar tana nuna nauyin mita 9 na farkon igiyar. Lamba 5 kimanin giram 9 ce, lamba 8 giram 13 da rabi, lamba 9 giram 15 da rabi. Sanda mai lamba 5 ko 6 ta ishi kawara da shemani da karfasa. Tsage a babban ruwa mai iska yana son 8 ko 9. Wanda kuɗinsa na guda ɗaya ne ya sayi lamba 8 mai tsawon mita 2.7 wadda ake harhaɗawa gida huɗu. Ta yi wa kawara yawa amma za ta kama ta, ita kuwa lamba 5 ba za ta iya cilla babban ƙwaron tsage cikin iskar hunturu ba. Giwan ruwa aikin lamba 12 ne da dare a gurbi mai zurfi, a bar shi sai hannu ya faɗa.

A jikin kwalin igiya za ka ga rubutu kamar WF8F. Haruffa biyun farko suna nufin an tara nauyin a gaba, ita ce mai sauƙin jifa. Harafin ƙarshe F mai yawo a kan ruwa ce, S mai nutsewa. Ka fara da mai yawo. Ta biyu in hali ya samu ita ce mai nutsewa kimanin santimita 7 zuwa 8 a daƙiƙa, don tsagen da ya sauka ƙasa da rana. Ga abin da mutane ke yawan asarar kuɗi a kansa: igiyar da aka yi don tirawut ta ruwan sanyi ce, in zafin Lokoja na Maris ya doke ta sai ta yi laushi kamar taliyar da ta dahu ta wuce, ta riƙa manne wa zoben sanda tana cukurkuɗewa. A nemi wadda aka rubuta an yi ta don ƙasashen zafi. Abin naɗin igiya, wanda masu sayarwa ke kira ril, ba sai mai tsada ba, ya dai zama birkinsa yana sakin igiya sumul ba tare da fizga ba. Ita igiyar mita 27 zuwa 30 ce kawai, shi ya sa ake fara naɗa siririn zare mai ƙarfin laba 30 kamar mita 100 a ƙarƙashinta.

Tsakanin igiya da ƙwaro akwai jelar lailon, wadda kifi ba ya gani. Ta ƙananan kifi ana yin ta ne tana sirancewa, don ƙarfin jifa ya gangara har ƙarshe ya miƙe ta: santimita 120 na lailon mai kaurin milimita 0.50, sai 60 na 0.40, sai 40 na 0.30, sai 60 na 0.20 a baki. Wajen haɗa biyu a jera bakunansu tare kamar tsawon tafin hannu, a yi ƙulli irin na yau da kullum amma a zura sau biyu ko uku, a jiƙa da yawu sannan a ja duka ɓangarori huɗun. Ƙullin da aka ja a bushe yana ƙona kansa, a nan zai tsinke. Jelar tsage ba ta son wannan ado. Mita ɗaya da rabi zuwa biyu na 0.40 kai tsaye, a bakinta a sa waya mai ƙarfin laba 20 zuwa 30 tsawon santimita 10 zuwa 15. Haƙoransa a waje suke, na sama suna shiga tsakanin na ƙasa kamar almakashi, lailon ko mai kauri ne cizo ɗaya yake masa. Wayar da aka yi wa rigar roba mai ɗauruwa ta fi sauƙin aiki. Waya ta wuce santimita 20 kuwa tana kashe rawar ƙwaron kuma tana ɓata jifa.

Tabarau mai kashe ƙyallin ruwa da hula mai baki wajibi ne, ba don gani kawai ba. Ƙugiya tana wuce kunnenka da gudu ɗaruruwan lokuta a yini. Sai filaya mai dogon baki, da ɗan dutsen wasa ƙugiya.

Ƙwaron kansa

Wannan kam ba sai an yi oda ba, kusan komai nasa yana kasuwar Wuse ko bayan gida. Lambar ƙugiya tana girma ƙugiyar na ƙanƙancewa: 12 ta fi 8 ƙanƙanta, bayan 1 kuma sai 1/0 da 2/0 su ci gaba da girma.

Na tsage ɗan kifi ake kwaikwaya, tsawon santimita 8 zuwa 12, a kan ƙugiya 1 zuwa 2/0 mai kaifi sosai. A danne ƙugiyar a bakin filaya mai kulle. A naɗa zaren ɗinki mai ƙarfi daga hancinta zuwa tsakiya. A yanko ƙwallaye biyu a haɗe daga sarƙar nan ta toshiyar bahon wanka, a ɗaure su a gicciye a bayan ƙugiyar, kamar milimita 6 daga hanci, a ɗiga gam mai kamawa nan take. Su ne idanu, kuma nauyinsu yana kifar da ƙugiyar tsininta ya kalli sama, ta daina kama duwatsu. Sai a ɗauko gashin doki irin na kitso, ƙunshin da bai fi kaurin tsinken ashana biyu ba, fari a ɓangaren ciki, baƙi ko ja ko shuɗi a ɓangaren baya, a sa zaren ƙyalli huɗu ko biyar a tsakani. A naɗe kan, a ƙulle, a shafa man farce marar launi. Wannan ƙirar ita ake kira Clouser, sunan Ba'amurken da ya fito da ita. Kuskuren kowa shi ne cika gashi. Ƙwaro mai gashi da yawa yana shan ruwa ya yi nauyin jifa, ya ƙi nutsewa, a cikin ruwa kuma ya sandare kamar tsintsiya. In ka ɗaga shi ga haske kana gani ta cikinsa, ya yi. Baƙi da ja suna aiki da duku-duku da kuma ruwan da bai gama washewa ba, fari da azurfa da rana. Ka ɗaura da yawa, tsage uku ko huɗu sun isa su mai da guda tsumma.

Na sama kuma fara ce ta roba: a yanko siririn yanki daga tsohon silifas, tsawon santimita 2 zuwa 3, a ɗaure a bayan ƙugiya 8 ko 10 a wuri biyu don ya yi gaɓoɓi, a gicciya siraran robar ɗaure kuɗi su zama ƙafafu. Shinge a kan ƙugiya 12 ne, jikin zare ruwan ƙasa da kan gashin wuyan zakara biyu a kwance a baya. Na ƙarƙashin ruwa, wanda karfasa ta fi so, jikin zare ne mai duhu a kan ƙugiya 10 ko 12, a naɗe shi da jar waya daga kwayil ɗin fankar da ta ƙone, a zagaya gashin zabo sau ɗaya a wuya. Ɗigon nan na gashin zabo yana motsi cikin ruwa tamkar ƙafafun ƙwaro mai rai.

Jifa

A filin ƙwallo ake koyo, ba a bakin kogi ba, da ɗan ulu a maimakon ƙugiya. Ka zaro igiya mita 9 ko 10 ka miƙe ta a gabanka. Babban yatsa a bayan mariƙin sanda, kan sanda a ƙasa. Ka ɗaga a hankali kana ƙara sauri, ka tsaya cak sa'ad da sandar ta ɗan wuce kunnenka. Ka jira igiyar ta miƙe a baya, ka waiwaya ka gani da idonka, ba abin kunya ba ne. Sannan ka turo gaba haka nan, a hankali zuwa sauri, ka tsaya cak daidai tsayin goshi, kamar mai yarfe laka daga kan sanda. Tsayawar ce ke cilla igiya, ba ƙarfin dantse ba.

Kunnenka da idonka za su gaya maka laifinka. In ka ji ƙara kamar bulala, ka yi gaggawar dawowa gaba, a kogi da ƙwaron ya tsinke ya tafi. In igiya tana dukan ƙasa a bayanka, wuyan hannunka yana karyewa sanda tana kwantawa baya, ka cusa gindin sandar cikin hannun rigarka na kwana biyu. In kana samun ƙananan ƙulli a jela, ka sa ƙarfi tun farkon turawa ne maimakon ƙarshe, kuma ka kwance su nan take don kowane ɗaya yana rage ƙarfin lailon sosai. In iska tana busowa daga ɓangaren hannun da kake jifa, ka juya ka ba kogi baya ka sauke jifar ta baya, in ba haka ba ƙugiya a ƙeyarka za ta sauka. Minti 15 kullum na mako biyu ya isa mutum ya kai mita 12 zuwa 15, kuma yawancin kifi a cikin wannan tazarar ake kama shi.

Karanta ruwa

Mutum ya tsaya a gadar Jamata da ke kan hanyar Lokoja ya dubi faɗin Neja sai gabansa ya faɗi, ya fara ƙoƙarin cilla igiya tsakiya. Ba a kamun babban kogi gaba ɗayansa. Ka yanki mita 15 da ke gabanka ka ɗauke shi ƙaramin rafi, ka manta da sauran. Kifi ba ya son ya yini yana kokawa da ruwa mai gudu, amma ruwa mai gudu ne ke kawo masa abinci, don haka yakan tsaya a gefen kwanciya hancinsa na kallon gefen gudu. Inda ruwan biyu suka haɗu akwai layi kamar ɗinki, sau da yawa da kumfa da ganyaye suna bin sa. Wannan ɗinkin shi ne gonarka. Ana samunsa a bayan kowane babban dutse, a ƙasan tsibiri inda rassa biyu suka sake gamuwa, a bakin ƙaramin rafi da ke shigowa, da inda ruwa ya gangaro kan duwatsu ya faɗa gurbi.

Da rani akwai ƙari biyu. Ruwa mai ɗumi iskarsa kaɗan ce, shi ya sa da bazara kifi ke taruwa a ƙasan inda ruwa ke tsalle kan duwatsu yana kumfa. Na biyu bakin tudun yashi, inda ruwa iya idon sawu yake faɗawa zurfi farat ɗaya, launinsa ya sauya daga fari zuwa duhu. Ƙananan kifaye suna kan tudu, tsage yana sintiri a cikin duhun. In ka ga 'yan kifi sun watse sama kamar an watsa tsakuwa, ko tsuntsaye suna ta faɗawa wuri guda, shi ne yake kora. Kawara da shemani kuwa a ƙarƙashin itatuwan da suka sunkuyo kan ruwa suke, musamman ɓaure, suna jiran abin da zai faɗo.

Kafin ka sa ƙafa a ruwa ka zauna minti goma ka kalla, sannan ka fara jifa tun kana nesa da gaɓa, domin mutane da yawa suna taka kifin da suka zo nema. Kifi na ganinka mai jar koma, gaskiya ce ba karin magana kawai ba: a bar farar riga a gida, a sa mai ruwan ƙasa ko toka, kada inuwarka ta faɗa inda za ka jefa.

Hanya biyu ake bi da ƙwaro. Ta farko ta ƙwarin saman ruwa ce, wato fara da shinge: a jefa sama, ɓangaren da ruwa ke fitowa, a ɗan karkace, a bar ƙwaron ya gangaro da saurin kumfar da ke kusa da shi, kana tattara rarar igiya da hannun hagu. Matsalar babban kogi ita ce tsakaninka da ƙwaron akwai ruwa iri uku ko huɗu, kowanne da saurinsa. Mai gudun zai kama tsakiyar igiya ya yi mata tumbi, tumbin ya ja ƙwaron yana tsaga ruwa. Ƙwaron gaske ba ya haka, kifi kuma ya sani. Maganinsa, da igiya ta sauka ka ɗaga kan sanda ka juya shi rabin da'ira zuwa sama, ka kwashe tumbin ka ajiye shi ɓangaren da ruwa ke fitowa, tun kafin ya fara ja. In ruwan kusa da kai ne ya fi kwanciya, ƙasa za ka mayar da shi. Wanda ya ga yana gyara fiye da sau biyu a jifa ɗaya, ya matsa kusa ko ya sauya matsayi. Fara ita ana son ta faɗa da ɗan ƙara, tas, don ƙarar ke kiran kawara.

Ta biyu ta tsage ce. A jefa a gicciye ko a ɗan gangara, a ƙirga kafin a fara ja. Da igiya mai nutsewa ƙirga 10 yana kai ƙwaro kusan santimita 75 a ruwa mai kwanciya, a mai gudu bai kai haka ba. Ka fara da ƙirga 5, ka koma 10, ka koma 20, har ka gano zurfin da suke. Kan sanda a ƙasa dab da ruwa yana kallon igiya, igiyar ta bi ƙarƙashin manuniyar hannun dama, hagu yana fizga tsawon kamu biyu-biyu da sauri. In ka ga yana bin ƙwaron kada ka rage gudu, ɗan kifin da ake kora ba ya tsayawa. Ka bar igiyar ta kewayo har ta miƙe a ƙasanka, ka ɗan dakata, yawancin cizo a wannan kwanar yake zuwa. Bayan kowace jifa biyu ka gangara taku biyu. Minti 20 babu ko taɓawa, ka bar wurin.

Idan ya ci

Ga kawara da karfasa ɗaga sanda a hankali ya isa, fizga mai ƙarfi tsinka siririn lailon take yi. Tsage kuwa bakinsa ƙashi ne, sanda mai lanƙwasa ba ta iya nutsa ƙugiya a ciki. In ka ji duka, ka bar sandar a ƙasa, ka fizgi igiyar da hannun hagu da ƙarfi har bayan ƙugunka, sau biyu, sannan ka ɗaga. Zai yi tsalle yana girgiza kai. Ka karkatar da sandar gefe dab da ruwa, kada igiya ta yi sako-sako ko na ƙiftawar ido. Duk da haka da yawa za su kuɓuce, haka kamun tsage yake ko a hannun gwani. Abin da ke rage asarar shi ne wasa ƙugiya: ka ja tsininta a kan farcen babban yatsa, in ta zame ba ta kama ba, ta dakushe. Rarar igiyar da ke ƙafarka ka bar ta ta fita ta tsakanin yatsu har ta koma kan ril, ka lura kada ta naɗe gindin sanda ko yatsan ƙafa. Bayan kowane kifi ka shafa jelar da yatsa, in ka ji kaushi ko wayar ta lanƙwashe ka sake.

Da filaya ake cire ƙugiya, yatsa ba ya kusantar bakin tsage ko ya daina motsi. Kurungu in ya faɗo yana da ƙayoyi uku masu kullewa, minjirya kuwa ba a taɓa ta da hannu. Danne kunnen ƙugiya da filaya tun a gida yana sa ta fi saurin shiga bakin kifi, kuma ta fita daga fatar mutum ba sai an je asibiti ba. Wanda za a ci a fasa cikinsa nan take a sa ƙanƙara, zafin Maris ba ya ba kifi awa biyu. Ƙananan a jiƙa hannu a mayar da su.

Ruwan kansa

Kogi da rani yana da fuskar salihi. Kada ka wuce gwiwa a ruwa mai gudu, ka riƙe sanda ta dogarawa, ka tsaya a gicciye ba ka ba ruwa ƙirji ba, ƙafa ɗaya ta kafu kafin ɗaya ta tashi. Duwatsun Gurara masu gansakuka sun fi sabulu santsi. A kan yashin Neja da Binuwai ja da ƙafa ake yi ba ɗagawa ba, saboda kunamar ruwa da ke binne kanta a ciki. Gurara da Kaduna da Neja duk suna da madatsu a sama, su Shiroro da Kainji da Jebba, Binuwai ma tana da Lagdo a Kamaru, ruwa na iya ƙaruwa rana tsaka babu ko gajimare. Ka kafa kara a bakin ruwa da isowarka, in ka waiwayo ya nutse ko ka ga shara ta fara gangarowa, ka fito. A kwalekwale a sa rigar ceto, mutum ɗaya ke jifa a lokaci guda, a zaune. Sandar fatsar nan tana jan wutar tsawa, da ka ji tsawar ruwan farko ka kwantar da ita.

Ruwa mai kwanciya mai ciyawa, kusa da mashayar gari, shi ne matattarar dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya. A irin wurin ka yi kamu daga kan dutse ko jirgi, wanda kuma ya ga jini a fitsari bayan makonni ya je a gwada shi, maganinta yana nan. Ruwa mai gudu kan duwatsu kuma nan ne ɗan baƙin ƙudan da ke jawo makanta yake haihuwa, don haka doguwar riga da dogon wando da safa. In ka shafa maganin ƙwari ka wanke tafin hannu kafin ka taɓa igiya, sinadarinsa yana cin rigar robarta. In ka tarar da matattun kifaye iri-iri suna yawo, wani ya zuba guba a sama, abin da dokar kamun kifi ta 1992 ta haramta tare da nakiya da lantarki. Kada ka ci, ka sanar da Sarkin Ruwa.

Da ka dawo gida ka zaro igiyar cikin bokitin ruwa da ɗan sabulu marar ƙarfi, ka ja ta cikin tsumma ka ga jan ƙurar da za ta fito, ita ce ke sa igiya mai yawo ta fara nutsewa. Ka shanya ƙwarin a inuwa kafin ka rufe su don kada ƙugiya ta yi tsatsa, ka raba gaɓoɓin sanda ka goge yashi daga mahaɗinsu. Kada a bar igiya ko lailon a but ɗin mota, zafin Abuja na yini biyu ya isa ya sa igiyar ta fara tsattsagewa.